Tashin Jirgin Rimot a Kan Dusar Ƙanƙara: Gyare-gyaren Gida da Dalilan da Ke Bayansu

A jihar Minnesota ta Amurka, da yawancin lardunan Kanada, da ƙasashen arewacin Turai irin su Finland da Sweden da Norway, dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa tun daga watan Disamba har zuwa Maris, a wasu wuraren ma sai Afrilu ya kama kafin a sake ganin ciyawa. Ga masu sha'awar ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot, wannan na nufin filin da suka saba tashi da sauka a kansa ya ɓace ƙarƙashin farin gari na tsawon wata uku zuwa huɗu. Harkar tana da tsari da tarihi a waɗannan ƙasashe, domin babbar ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, wadda aka fi sani da AMA kuma hedikwatarta ke garin Muncie na jihar Indiana, an kafa ta tun 1936, takwararta ta Kanada kuwa a 1949. Mafi yawan mambobin kan rataye jiragensu a gareji idan hunturu ya shigo, su koma gyara da ƙera sababbi a cikin ɗaki. Amma akwai waɗanda ba su yarda da wannan hutun dole ba, har wasu ƙungiyoyi sun mayar da shi al'ada su haɗu a fili ranar 1 ga Janairu, komai tsananin sanyi, su buɗe shekara da tashi. Daga hannun irin waɗannan mutane ne dabarun da za a tattauna a nan suka fito, kuma akasarinsu da tarkacen gida ake yin su.

Wanda ya kalli lamarin daga nesa zai ɗauka cewa matsalar duka a tayoyi take, kuma lallai tayoyin matsala ne, sai dai su ne suka fi sauƙin magani. Abin da ke kayar da jirgi a hunturu ya fi alaƙa da wata iyaka guda, wato digiri sifili a ma'aunin Salshiyos, inda dusa ke narkewa ta zama ruwa, ruwa kuma ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Dusa muddin tana bushe ba ta da wata illa ga na'ura, ana karkaɗe ta kamar yadda ake karkaɗe gari daga riga. Da zarar ta taɓa abu mai ɗumi sai ta zama ruwa, ruwan ya shiga inda bai kamata ba, kuma idan ya sake yin sanyi ya daskare a can ya ƙulle abin da ya kamata ya motsa. Saboda haka jirgi ɗaya, wanda tsawon fikafikansa bai fi mita ɗaya da rabi ba, yana buƙatar wani sashe nasa ya kasance da ɗumi, wani sashen kuma ya yi sanyi ƙalau kamar dusar da yake zaune a kai. Wanda ya fahimci wane sashe ne ke son me, ya fahimci rabin harkar.

A fara da tayoyin, tunda su ido ke fara gani. Sabuwar dusa sakayau take, yawanci nauyinta bai wuce kashi ɗaya bisa goma na nauyin ruwa mai cika mazubi ɗaya da ita ba, sauran duk iska ce. A ɗauki jirgi mai nauyin kilo 2 wanda ke tsaye a kan ƙananan tayoyi biyu da wurin da suke taɓa ƙasa bai fi murabba'in santimita 5 ba gaba ɗaya. Kowane murabba'in santimita na ɗauke da giram 400, don haka tayoyin za su nutse, farfela ta sari dusa, jirgin ya kifa da hanci tun bai yi gudun taku biyar ba. Idan aka cire tayoyin aka sa alluna biyu na zamiya, kowanne mai tsawon santimita 40 da faɗin santimita 8, nauyin nan zai bazu a kan murabba'in santimita 640, wato kusan giram 3 kacal a kowane ɗaya. Hikimar da ta sa tafin raƙumi ba ya nutsewa a rairayi inda kofaton jaki ke lumewa ita ce dai a nan.

Ana sayar da irin waɗannan alluna a shago, kamfanin Du-Bro na Amurka ya daɗe yana yin na roba, amma da yawa sun fi son yin nasu, ko don sauƙin kuɗi ko don na shago bai dace da girman jirginsu ba. Abin da aka fi amfani da shi shi ne siririn filawud mai kaurin milimita 1 zuwa 2. Ana yanka falle biyu ko uku masu girma ɗaya, a shafa musu gam, a ɗora su a kan wani kututturen katako da aka sassaƙa gabansa ya lanƙwasa sama, a matse su da maƙala su kwana. Washegari idan aka kwance, lanƙwasar ta zauna ke nan, domin fallayen sun manne da juna a wannan siffa kuma babu wanda zai iya miƙewa ba tare da ɗan'uwansa ba. Wannan ya fi ƙarko a kan jiƙa katako ɗaya mai kauri a tafasasshen ruwa a tanƙwara shi, wanda yakan riƙa komawa yadda yake a hankali. Bayan haka sai a goge da sanfefa, a shafe shi da fenti mai hana ruwa shiga har sau biyu ko uku, musamman a gefuna inda katako ke shan ruwa. Wasu kan yanko allon daga fallen alminiyam, wasu daga jikin tsohuwar jarka ko bokitin roba, inda suke cin moriyar lanƙwasar da ke kusurwar jarkar ta zama hancin allon, wasu kuma daga robar nan mai rami-rami da ake buga tallan 'yan takara a kai. Alminiyam yana da sauƙin tanƙwarawa amma dusa tana yawan manne masa, roba kuwa ta fi santsi amma mai arha takan tsage idan sanyi ya yi tsanani.

Yin allon ba shi ne wahalar ba. Inda aikin yake shi ne yadda za a ɗaura shi a jikin jirgi, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa ke yin asara. Allon yana da buƙatu biyu masu karo da juna. A ƙasa dole ya sami 'yancin yin sama da ƙasa, ya bi tudu da kwarin dusa, kuma ya bar jirgin ya ɗaga hanci lokacin tashi. A sama kuwa dole ya tsaya cak a wuri ɗaya, hancinsa na kallon sama kaɗan idan aka kwatanta da layin gangar jikin jirgin. Dalili kuwa shi ne allon zamiya, a idon iska, ƙaramin fiffike ne. Idan hancinsa ya sunkuya ƙasa yayin da jirgi ke gudu, iska za ta bugi samansa ta ƙara danna shi, kafin ƙiftawar ido ya juye ya tsaya a tsaye kamar ƙyauren ƙofa, ya ja hancin jirgin zuwa ƙasa da ƙarfin da linzamin wutsiya ba zai iya mayarwa ba. Idan allo ɗaya ne ya juye ya bar ɗayan, jirgin zai karkace gefe guda ya shiga juyi. Ko da matuƙin ya yi sa'a ya dawo da shi, saukar ma wata masifar ce, domin allon da ya sunkuya zai caki dusa ya wuntsilar da jirgin.

Maganin da aka saba yi shi ne a kafa ɗan tudun katako ko alminiyam a saman allon, ɗan baya kaɗan da tsakiyarsa yadda ɓangaren gaba zai fi tsawo, a huda shi, a zura ƙarfen da taya ke juyawa a kai, a kulle da zoben da ke riƙe taya. Daga hancin allon sai a ɗaura roba ko siririn sifirin zuwa gangar jikin jirgin, wanda aikinsa shi ne jan hancin sama a kowane lokaci. Daga wutsiyar allon kuma a ɗaura igiya marar miƙewa, irin zaren kamun kifi mai kauri ko siririyar waya, wadda tsawonta ne ke yanke iyakar inda hancin zai ɗaga. Robar tana ja, igiyar tana tsayarwa, allon ya zauna a tsakaninsu a kusurwar da ake so. Masu taka-tsantsan kan ƙara igiya ta biyu a gaba, a sake ta kaɗan, don idan robar ta tsinke allon ba zai juye ba. Wannan ƙarin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda robar ɗaure kuɗi da ke miƙewa lafiya a cikin ɗaki takan sandare a digiri 15 ƙasa da sifili, ta daina ja ko ta karye, shi ya sa sifirin na ƙarfe ya fi aminci. Kafin a fita daga gida ana ɗaga jirgin a hannu a duba shi daga gefe, a tabbatar allunan biyu suna kusurwa ɗaya, sannan a danna hancin kowanne da yatsa a ga ko ya dawo da kansa.

Ba masu wasa ne suka ƙirƙiro wannan tsari ba, daga manyan jirage suka kwaikwayo shi. Jirgin de Havilland Beaver na Kanada, wanda ya fara tashi a 1947 kuma har yau yana jigila a dazukan Alaska da arewacin Kanada, idan aka sa masa allunan zamiya za a ga igiyar roba mai kauri a gaba da wayoyin tsayarwa, daidai da abin da mai ƙaramin jirgi ke yi da zaren kamun kifi. Haka ma ƙananan jiragen Piper Cub, waɗanda ake yawan kwaikwayon siffarsu a jiragen rimot saboda fikafikansu na sama ne kuma suna iya tafiya a hankali. Har katafaren jirgin LC-130 na sojin Amurka da ke kai kaya Antatika da Girinlan a kan alluna yake sauka.

Dusa kuma ba iri ɗaya ba ce, kuma allon da ya yi aiki jiya yana iya ƙin motsi yau. Idan yanayi na kusa da sifili dusar takan jiƙe ta yi danƙo, ta riƙa taruwa a ƙasan allo har jirgin ya kasa kai gudun tashi. Idan sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye, ƙwayoyinta kan yi tauri da kaifi, zamiya a kansu ta zama kamar jan katako a kan yashi. Don haka ake goga kakin da 'yan wasan zamiya ke amfani da shi a ƙasan allon, ko ma kyandir idan babu, ko a manna masa salatif mai santsi. A nan ne ƙa'idar ɗumi da sanyi ke fara bayyana. Jirgin da aka fito da shi daga mota mai hita, aka ajiye kai tsaye a kan dusa, allunansa masu ɗumi za su narkar da abin da ke ƙarƙashinsu, cikin 'yan mintoci ruwan ya daskare, jirgin ya manne da ƙasa ko kuma ya tashi da dunƙulen ƙanƙara a ƙafa. Abin da ake yi shi ne a jingine shi a kan tebur ko a kifa shi, allunan na sama, na minti goma ko sha biyar, har su yi sanyi daidai da waje kafin su taɓa dusa.

Idan dusar sabuwa ce mai zurfi da laushi, alluna ma kan nutse, sai a koma ga 'yan kwale-kwalen da ake sa wa jirgi don sauka a kan ruwa, waɗanda ake sassaƙawa daga soson kumfa a lulluɓe da salatif. Suna da faɗi, suna ɗaga farfela nesa da dusa, amma suna da nauyi kuma suna tare iska. Akwai kuma hanya mafi sauƙi duka, wadda a ganina ita ya kamata mai farawa ya bi: a cire ƙafafun gaba ɗaya, a manna salatif mai kauri a cikin jirgin, a toshe duk wata kafa da ke ƙasa, a jefa shi da hannu, ya sauka a kan cikinsa. Dusa mai laushi ta fi ciyawa tausayin irin wannan sauka.

Duk abin da aka ƙara a ƙafar jirgi yana sauya inda nauyinsa ya daidaita, don haka bayan an ɗaura alluna sai an sake ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fikafikai, a matsar da batir gaba ko baya har ya daidaita kamar da. Allo kuma ba shi da birki, a kan ƙanƙara mai santsi jirgi na iya zarcewa ninki biyu ko uku na tazarar da ya saba tsayawa, kuma iskar gefe na iya tura shi a karkace. Saboda haka ake manna siririn ƙarfe ko tsinken katako a tsawon ƙasan allon, ya riƙa tsaga dusa yana riƙe jirgin a kan layi.

Sai batir, wanda shi ne sashen da ke son ɗumi. Yawancin jiragen rimot na yanzu da batirin litiyam da ake kira LiPo suke aiki. Kowace ƙwaya a cikinsa tana ba da bolt 4.2 idan ta cika, matsakaicinta 3.7, don haka batir mai ƙwaya uku yana farawa ne daga bolt 12.6. Wutar tana samuwa ne daga zirga-zirgar ƙwayoyin litiyam ta cikin wani ruwan sinadari, sanyi kuwa yana rage saurin wannan zirga-zirga. Cajin yana nan a ciki bai tafi ko'ina ba, amma batirin ba ya iya fitar da shi da saurin da inji ke nema. Sakamakon shi ne da zarar matuƙi ya buɗe wuta don tashi, ƙarfin batirin ya faɗi warwas, na'urar da ke daidaita gudun inji kuwa an tsara ta ta rage ko ta yanke wuta idan ƙwaya ta sauka zuwa wajen bolt 3, don kare batirin daga lalacewa. Sai inji ya mutu jirgi na tsakiyar hawa, da batir cike, a daidai lokacin da ba shi da tsayi ko gudun da zai iya sauka lafiya.

Gyaran a nan ba na jirgi ba ne, na ɗabi'a ne da ɗan tanadi. Ana ajiye batura a aljihun ciki kusa da jiki, ko a cikin ƙaramar kula irin ta abinci tare da gorar ruwan ɗumi ko 'yan fakitin ɗumama hannu, a naɗe su da tsumma yadda ba za su taɓa batirin kai tsaye ba, domin zafi mai yawa shi ma haɗari ne ga litiyam. Ba a sa batir a jirgi sai an gama komai, an shirya tashi. Wasu kan ɗinka masa 'yar riga ta soso, wasu kuma su toshe rabin kafofin da iska ke shiga ta sanyaya shi a lokacin zafi. Da zarar an tashi, batirin da kansa yana ɗumama saboda wutar da ake zuƙa, matsalar tana a minti na farko ne. Duk da haka ana rage lokacin tashi, wanda ya saba minti takwas ya sauko a biyar ko shida. Babban abin da aka hana shi ne cajin batirin da ya yi sanyi ƙasa da sifili, domin a wannan hali litiyam ɗin ba ya shiga mazauninsa, sai ya taru a matsayin ƙarfe a fuskar faifan ciki, abin da ke rage ƙarfin batirin har abada kuma yana iya janyo gobara daga baya.

Wani abin da ke ƙara wa batirin nauyi shi ne ita kanta iskar hunturu, duk da cewa ita ce babbar ladar mai tashi a wannan lokaci. Iska mai sanyi ta fi kauri. A gaɓar teku, murabba'in mita mai zurfin mita ɗaya na iska yana da nauyin kilo 1.225 a digiri 15, amma a digiri 10 ƙasa da sifili yakan kai kusan 1.34, ƙarin da ya kusa kashi 10 cikin 100. Fikafikai suna samun abin takawa sosai, jirgi ya tashi da wuri, ya iya tafiya a hankali ba tare da ya faɗo ba, kuma safiyar hunturu sau da yawa shiru take babu guguwar da zafin rana ke tayarwa. Amma farfela ma tana sarar iska mai kauri, wato inji na zuƙar wuta fiye da yadda ya saba, daga batirin da ya riga ya raunana. Shi ya sa wasu kan sauya farfela zuwa wadda ta ɗan fi ƙanƙanta idan dama jirgin yana aiki kusa da iyakar ƙarfin na'urorinsa.

Farfelar nan kuma ita ce ke feso dusa cikin jirgi. A lokacin gudun tashi tana tayar da farin ƙura, ƙurar ta bi kafofin iska ta shiga ciki, ta sauka a kan na'urar daidaita gudu wadda ke da zafi, ta narke nan take. Ɗigo ɗaya a tsakanin ƙafafun wata 'yar na'ura ya isa ya haɗa wuta, kuma a yawancin ƙananan jirage wannan na'ura ce ke ba risiba, wato na'urar da ke karɓar umarni daga rimot, da ƙananan injinan da ke motsa linzami wuta, don haka idan ta ƙone ba inji kaɗai aka rasa ba, an rasa tuƙin gaba ɗaya. Dabarar da ta fi shahara ita ce a zura risiba cikin balan-balan, a fito da wayoyi ta bakinsa, a ɗaure. Ga na'urar daidaita gudu kuwa ba a yin haka, saboda tana buƙatar fitar da zafi, sai dai a toshe bakunan rigar robarta biyu da gam ɗin silikon, ko a fesa wa allon lantarkinta siririn fentin da aka yi don kare kayan lantarki. A nan akwai tarko: silikon ɗin da ake like gilashi da shi, mai warin tsami, yana fitar da asid lokacin bushewa wanda ke cin tagulla, saboda haka marar warin ake nema. Kafofin iska na ƙasa da na gaba ana toshe su da salatif ko a cusa musu soso mai barin iska ta wuce, a bar na sama da na baya a buɗe. Wanda ya toshe duka don tsoron dusa zai tarar da na'urarsa ta dahu a tsakiyar hunturu.

Masu injin mai suna da nasu ciwon kan. Man da waɗannan ƙananan injina ke sha metanol ne da aka gauraya da man zurma ko na roba da ɗan sinadarin ƙara ƙarfi, metanol kuwa ba ya fitar da isasshen tururin da zai kama wuta idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 11 ko makamancin haka. Don haka tayar da inji mai sanyi aiki ne. Akan ɗumama kansa a gaban hitar mota, ko a ɗiga masa ɗigo biyu na man laita a kafireta don ya kama, a kuma ƙara buɗe allurar da ke daidaita shigar mai kaɗan tunda iska mai kauri na buƙatar ƙarin mai. Wasu kan naɗe rabin haƙarƙarin sanyaya injin da takardar alminiyam don kada ya huce ya mutu idan aka rage wuta. Man da ya zuba a yatsa kuwa yana ƙafewa da sauri yana tafiya da ɗumin fata, kuma a irin wannan sanyi hakan na iya ƙona yatsa kamar wuta.

Kayan jikin jirgin su ma suna sauya hali. Farfelar roba da ke lanƙwasa ta dawo a lokacin zafi takan fashe kamar tangaran, gam ɗin da ake narkawa da bindiga yakan saki, salatif ya daina kamawa, man da ke cikin giyar injinan linzami ya yi kauri su riƙa jan jiki. Akwai kuma wata matsala mai wuyar ganewa: sandar roba da ke kai motsi daga injin linzami zuwa wutsiya tana ƙanƙancewa fiye da katakon da ke kewaye da ita. Sanda mai tsawon santimita 60 da aka daidaita a ɗaki mai digiri 20, idan aka fito da ita inda ake digiri 15 ƙasa da sifili, tana iya raguwa da milimita ɗaya zuwa biyu, kuma wannan ya isa ya sa jirgi ya riƙa ɗaga hanci ko sunkuyawa da kansa. Masu tashi a hunturu kan maye gurbinta da ta ƙarfe ko ta kabon, ko aƙalla su jira jirgin ya huce sannan su sake daidaita linzaman.

Gani ma gyara yake so. Yawancin jiragen soso farare ake sayar da su, kuma farin jirgi a tsakanin farar ƙasa da sararin sama mai gajimare yakan ɓace wa ido a tazarar mita ɗari. Ana manna faffaɗan salatif ja ko ruwan lemo a saman fikafikai, baƙi ko shuɗi mai duhu a ƙasansu, don matuƙi ya bambance ko jirgin na kife ko yana daidai. Ranar da babu rana, dusa ba ta da inuwa, ido ba ya iya auna nisan ƙasa, sai mutum ya ɗauka saura mita biyu alhali ya riga ya iso. Matuƙan manyan jirage a waɗannan ƙasashe masu sanyi kan jefa rassan itace masu duhun ganye a kan dusa don su sami abin auna tsayi, masu rimot kuma kan jera robobi masu launi ko su tattaka layin sauka da ƙafa. Ƙaramar na'ura mai ƙara da ake maƙalawa a risiba tana da amfani, domin jirgin da ya faɗa dusa mai zurfi wani lokacin ƙarshen wutsiyarsa kaɗai ke leƙowa.

Yatsun matuƙi su ne na'urar da ta fi kowace saurin gazawa. Tuƙin rimot motsi ne na milimita, safar hannu mai kauri tana kashe shi, hannu tsirara kuma yakan mutu cikin minti biyu ko uku a iskar hunturu. Abin da ake yi shi ne a ɗinka wa rimot ɗin jaka daga tsohuwar rigar sanyi ko bargo, da hannaye biyu da ake zura hannu ta ciki, da taga ta leda mai kauri a sama don a ga fuskar rimot ɗin, a sa ɗan kwali ko waya ta ɗaga rufin yadda ba zai taɓa sandunan tuƙi ba, a jefa fakitin ɗumama hannu a ciki. Wannan jaka tana kare batirin rimot ɗin shi ma. Aibinta shi ne gumin hannu na iya rufe tagar da hazo, don haka ake barin 'yar kafa a gefe.

Filin da aka fi so a irin su Minnesota shi ne daskararren tafki, shimfiɗaɗɗe babu itace babu shinge. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana ba da shawarar kada a taka sabuwar ƙanƙara garau sai kaurinta ya kai inci 4, wato wajen santimita 10, farar ƙanƙara kuwa da ta gauraya da dusa rabin wannan ƙarfin gare ta, sai an ninka. Jirgin da ya faɗi can kusa da bakin rafi ko inda ruwa ke gudana a ƙasa, inda ƙanƙara ba ta da kauri, gara a bar shi.

Haɗari na ƙarshe a gida yake jira. Jirgi da rimot da suka yi awa biyu a sanyi, idan aka shigo da su ɗaki mai ɗumi, raɓa za ta sauka a kansu ciki da waje kamar yadda take sauka a jikin kwalbar da aka fito da ita daga firji, har a kan allunan lantarkin da aka yi ta karewa daga dusa. Don haka tun a fili ake cire batir, a kakkaɓe dusar da ke jikin jirgin da buroshi tun tana bushe, a sa rimot a cikin akwatinsa ko leda a ɗaure bakinta da iskar waje a ciki. A gida ba a buɗe ledar sai bayan awa ɗaya ko biyu, jirgin kuma a cire masa murfi da fikafikai a jingine shi da hanci ƙasa ya kwana yana tsanewa, ba a sake haɗa masa wuta sai washegari.